"Ni Na Gwada" Da "Bincike Ya Nuna": Duk Biyun Basu Isa Su Rufe Magana Ba

Akwai maganganu biyu da ake kashe bakin mutum dasu in ana gardamar magani a garin nan namu na Kaduna. Ta farko "ai ni na gwada ya yi mun aiki", ta biyu kuma ta 'yan boko ce, "bincike ya nuna". Da zarar an jefo ɗaya sai kowa ya yi tsit, alhali a ganina daga nan ne ma ya kamata a fara tambaya.

Ka tsaya tashar Kawo ko bakin Kasuwar Barci ka saurari motocin masu magani da lasifika, gora ɗaya maganin basir, sanyi, taifod, olsa, ciwon suga har da ƙarin ƙarfi, kuma in ka bincika zaka samu waɗanda suka sha suka ji sauƙi, wallahi ba ƙarya suke ba. Inda gizo ke saƙa shi ne yawancin ciwon yau da gobe irinsu mura da ciwon baya da ɗan zazzaɓin da ba na sauro ba da kansu suke wucewa, kuma mu bama neman magani sai ciwo ya kai maƙura, wato daidai lokacin da dama zai fara sauka, toh duk abinda ka sha a ranar shi zai kwashe ladan. Wanda ya sha abin ya ƙi kuwa bazai dawo tasha ya karɓi lasifika ya bada labari ba, yana can kwance a gadon asibiti ko an riga an yi masa sutura. Shi yasa shaidun da muke ji kullum na waɗanda suka warke ne.

Tambayar da ta fi komai muhimmanci ita ce, da bai sha ba fa me zai faru? Mutum ɗaya bazai iya amsa wannan a kansa ba, dole sai an samu marasa lafiya da yawa masu ciwo iri ɗaya a raba su gida biyu, a ba waɗannan maganin waɗancan a basu abinda aka saba bayarwa, sannan a ƙirga. Kuma rabon ta hanyar ƙuri'a ake yi, don in aka bar wa likita ya zaɓa, ko da zuciya ɗaya zai iya tura masu ƙarfi-ƙarfi ɓangaren sabon magani. A 1948 aka wallafa shahararren gwaji irin wannan a Ingila kan maganin tarin fuka streptomycin, kuma har yau da wannan ma'aunin ake tantance magani.

Kowa zai tuna lokacin korona. A watan Maris na 2020 wasu likitoci a Marseille ta Faransa suka fitar da bincike cewa hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗinmu na da, yana aiki. Mutanen da aka duba basu kai 50 ba, ba a yi ƙuri'a ba, kuma abin takaici wasu daga cikin waɗanda suka sha maganin jikinsu ya rikice aka kaisu ɗakin kulawa ta musamman, har da wanda ya rasu, duk an cire su daga lissafi. Shugaban Amurka na lokacin ya yaba maganin a bainar jama'a, nan da nan aka yi wawarsa a kemis-kemis, har hukumomin lafiya a Legas suka sanar an kwantar da mutanen da suka sha ya wuce kima. Zuwa watan Yuni babban gwajin RECOVERY na Ingila wanda ya ɗebi dubban marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a ya nuna maganin baya rage mutuwa ga waɗanda aka kwantar. Wannan gwajin dai shi ya gano cewa dexamethasone mai arha yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shan iskar oksijin, amma bai amfani waɗanda numfashinsu ke lafiya ba. A lura da wannan na ƙarshen, don ko maganin da ya ci jarrabawa yanada waɗanda ya ci ta a kansu. (Eh, dexa ɗin nan dai da wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, Allah ya shirya, hawan jini da suga da raunin ƙashi kawai ake saye da kuɗi.)

Na Marseille bincike ne, RECOVERY ma bincike ne, ka ga kenan "bincike ya nuna" bai gaya maka komai ba tukuna. In an turo maka a guruf ɗin WhatsApp sai ka tambaya a jikin wa aka gwada, mutane ko ɓeraye ko cikin kwalba a ɗakin gwaji, domin abubuwa da yawa na kashe ƙwayar cuta a kwalba, bilicin wanki ma yana kashewa. Mutum nawa ne, da su wa aka kwatanta su, wa ya biya kuɗin aikin, kuma me aka auna, shin mutane sun daina mutuwa ne ko wata lamba ce kawai ta sauka a takardar gwajin jini. Sannan a yi hattara da "yana rage haɗari da rabi". In dama mutum 2 cikin 1,000 ne abin ke samu ya koma 1, rabi ne, in 200 ne ya koma 100 shima rabi ne, amma ai ba ɗaya bane in kai ne zaka biya kuɗin maganin duk wata.

Kada a ɗauka masu gora kaɗai nake nufi, ma'aikatan asibiti ma abin da ya yi kama da hankali yana rudarsu. An daɗe ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar jininsa baya zagayawa sosai a ɗura masa ruwa da sauri, kowa ya yarda, har sai da aka yi gwajin FEAST a Yuganda da Kenya da Tanzaniya kan yara sama da 3,000 aka wallafa a 2011, sai ga shi waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48, wajen kashi 10 cikin ɗari, waɗanda ba a yi wa ba kuma wajen kashi 7. Su kansu masu binciken abin ya girgiza su. Ba a sa yara masu gudawa da amai a gwajin ba, waɗannan suna buƙatar ruwa kam, amma dai ya kamata mu da muke ganin in ba a sa dirip an yi allura ba ba a duba mutum ba mu ɗan sassauta.

Sai babbar sana'ar garin nan, "maleriya da taifod". Da wuya mutum ya je ɗan ƙaramin lab da zazzaɓi ya fito ba da wannan tagwayen ba. Gwajin da aka fi yi sunansa Widal, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar taifod yake gani ba, sojojin jiki yake aunawa waɗanda kan iya zama a jini tun wani tsohon kamuwa, maleriya ma da wasu cututtukan na iya ɗaga su. A wuri irin namu da kusan kowa ya taɓa shan gurɓataccen ruwa, sakamakon Widal na 1:80 ko 1:160 a gwaji ɗaya tal bai tabbatar da komai ba. Wanda ya fi inganci shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar a lab na 'yan kwanaki, sai dai yanada tsada kuma ba ko'ina ake yi ba, shi yasa ake bin na arha a ɗora mutum kan cipro ko allurar ceftriaxone, ya warke daga abinda dama zai warke, ya tafi yana cewa duk wata uku taifod ɗinsa ke tashi. Ƙwayoyin cuta kuma suna ta sabawa da magungunan, ranar da ake buƙatarsu da gaske sai su ƙi ci. Mun ga haka da kulorokwin, har Najeriya ta sauya zuwa ACT, wato haɗin maganin maleriya mai artemisinin, a 2005.

Nasan wani zai ce ai binciken Turawa ne kuma mun ga abinda ya faru a Kano. Gaskiya ne, a 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da yara wajen 200, wajen rabinsu aka ba Trovan ɗin, 11 cikin duka yaran suka rasu, aka yi ta shari'a kan batun izinin iyaye har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009, kuma wannan tabon na cikin abinda ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 a wasu jihohin arewa har da tamu. Zargin yanada tushe. Amma yaran da suka shanye a shekarun da suka biyo baya namu ne, don haka ni dai ban ga riba a watsi da bincike gaba ɗaya ba, gara mu iya karanta shi mu kuma yi namu. Kuma ana yi. Gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023 kan zubar jini bayan haihuwa an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Dabarar ba wata mai tsada bace, leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai jego a ga ainihin yawan jinin da ya zuba maimakon kintace da ido, in ya kai mizanin haɗari a haɗa matakan magani gaba ɗaya a lokaci guda ba ɗaya bayan ɗaya ba, kuma mummunar zubar jini da abubuwan da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Su kansu waɗanda suka yaɗa wannan tsari na dogara da hujjar bincike wajen bada magani daga Jami'ar McMaster ta Kanada wajen 1992 basu ce takarda kaɗai za a bi ba, sun haɗa da ƙwarewar likita da halin da mara lafiya ke ciki. Maganin da ya fi kowanne a bincike in ɗan acaɓa daga Rigasa bazai iya siyan na wata biyu a jere ba, na biyun da zai iya sha kullum ya fi masa. Toh amma likitan da ke da layin mutane har baranda bazai san aljihunka ba sai ka faɗa, kuma ba rashin kunya bane ka ce likita in ban sha wannan ba me zai faru, akwai mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya, wannan gwajin zai canza maganin da zaka bani ko ko.