Godiya ga waɗanda suka gano ciwon Baba a hoto

Alhamdulillahi, an sallami Baba. Yana gida, yana cin abinci, ƙaiƙayin da ya hana shi barci ya lafa.

Da yawanku kun san an yi masa dashen hanta a Indiya, ƙanena ne ya ba shi ɓangaren tasa. Watanni kaɗan da dawowarmu sai idanunsa suka sake yin ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, yana ta susa har fatarsa ta yi jini. Hankalinmu ya tashi matuƙa, mun ɗauka jikinsa ne ya ƙi sabuwar hantar.

Godiyata ta farko ga baiwar Allah da ta yi masa sikanin. Ta daɗe tana bin jijiyar da ke kai wa hanta jini, ta ce mini hanyoyin ruwan madaciya daga ita kaɗai suke samun jini, in ta toshe su ma sai su lalace. Jijiyar lafiya lau take. Duk da haka ba ta sallame mu ba, ta ce sikanin kan kasa nuna toshewar hanyar madaciya a hantar da aka dasa, a je a yi MRCP, wato hoton hanyoyin madaciya da ake ɗauka a cikin wata babbar na'ura mai maganaɗisu.

Yaron da ya sa shi cikin na'urar, Allah Ya yi masa albarka. Baba na tsoron wuri matsattse, ga ƙara, ga yunwa, don an hana shi abinci tun da safe. Yaron ya yi ta lallaɓa shi: "Baba, ja numfashi, riƙe, yauwa, saki." Da hoton ya fito, likita ta zaunar da ni ta nuna mini hanyar madaciyar fara tas, ta tsuke daidai inda aka ɗinke ta Baba da ta ƙanena. Tabon ɗinki ne ya matse ta. Wallahi mutanen ɗakin hoto ba a cika gode musu ba, alhali su ne suka nuna inda za a taɓa.

Ba a sake yanka shi ba. Ta baki aka zura bututu mai kyamara, abin da suke kira ERCP, aka buɗa wurin, aka bar ɗan siririn bututun roba a ciki.

'Yan uwa, maƙwabta, jama'ar masallacinmu da suka haɗa kuɗi, Allah Ya saka muku da alheri. Bayan wata 3 za a canza bututun, don Allah ku ci gaba da sa shi a addu'a.