Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Wasiƙa Daga Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwana mutanen Kano, musamman malaman makarantu da shugabannin 'yan agaji da na sikawut, ku da amanar matasanmu ke hannunku. Ina fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ɗawainiya?

Maganar da ke tafe da ni ita ce fita daji da matasa a ƙafa, kowa da kayansa a baya, a kwana inda dare ya yi. A nan Amurka akwai wani fili mai suna Philmont, kusa da garin Cimarron a jihar New Mexico. Wani attajirin man fetur, Waite Phillips, shi ya fara bai wa ƙungiyar sikawut shi kyauta a 1938, yau faɗinsa ya kai eka 140,000 na duwatsu da kurmi. Ayari ba ya wuce mutum 12, da manya aƙalla biyu a ciki, kuma babbar tafiyarsu ta kwana 12 ce. Na raka ayarin ɗana can. Duwatsun sun burge ni, amma yadda ake zaɓen hanya shi ya fi zama a raina.

Hanyoyin hawa-hawa ne. Wata kusan kilomita 80, wata ta haura 150, wata kuma ta bi ta ƙololuwar dutsen Baldy, sama da mita 3,700, inda iska ke yi wa mutum kaɗan. Matasan ne da kansu suke zama su zaɓa, su naɗa shugaba daga cikinsu, su raba aiki: wane mai taswira, wane mai girki, wane mai ɗebo ruwa. Babba yana baya, ba ya sa baki sai ya hango haɗari. Na san wannan zai yi mana nauyi, don mun saba malam ya yanke, yara su ce to. Amma yaron da ya zaɓi hanya da bakinsa ba ya zaunawa a gindin dutse ya ce an cuce shi.

Kuma ba da ƙarfin gwarzon ayari ake auna hanya ba, da na mai rauninsu ake aunawa. Shi ake sawa gaba, kowa ya bi takunsa. In an ɗauko hanyar da sai ƙarti uku ne za su iya, ayari zai tsinke gida biyu, wanda aka bari a baya kuwa shi ne ke ɓata, shi ne ƙishirwa ke kayarwa. Mu manya ma kada mu ruɗi kanmu. A Philmont ana auna nauyin babba kafin a shiga daji, wanda ya zarce ƙa'ida gida yake komawa.

Shiri kuwa na watanni ne. Mu Kanawa ba mu da uzuri, ga Dala ga Goron Dutse. A riƙa hawa ana sauka duk Asabar da jaka a baya, ana ƙara mata nauyi sannu a hankali har ta kai kwatan nauyin mai ita, kada ta wuce haka sosai. Daga nan a gwada kwana ɗaya a wajen gari, a kafa tanti, a dafa abinci, a ga abin da aka manta. Takalmin da za a tafi da shi, ko na gwanjo ne daga Ƙofar Wambai, da shi za a yi duk wannan atisaye. Sabon takalmi bororo yake fitarwa tun ranar farko.

Guzuri bai kamata ya ba mu wuya ba. Busasshen abincin da ake saya a nan da tsada, mu mun gaje shi: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino. Ruwa ne abin tsoro. A san inda za a same shi kowace rana tun kafin a bar gida, a tafasa ko a sa masa magani, a riƙe gishiri da sukari saboda gudawa. A nan rataye abinci ake yi a sama saboda dabbobi. A wajenmu a kakkaɓe takalmi kowace safiya saboda kunama. A kuma koya wa yara taimama da sallar ƙasaru kafin buƙata ta taso.

Lokaci, hunturu ya fi, Disamba zuwa Janairu. Zafin Afrilu ba na wasa da rai ba ne, damina kuma ga macizai ga rafuka cike.

Sai batun wuri. Akwai duwatsun Riruwai a Doguwa, akwai Shere kusa da Jos inda cibiyar horar da matasa take. Amma ina roƙonku da Allah, kada a shiga kowane daji sai an ji ta bakin hakimi ko dagacin yankin da jami'an tsaro, an samu ɗan gari mai ja gaba, iyaye sun sa hannu a takarda, an kuma bar wa wani a gida sunayen 'yan ayari da ranar dawowa. In suka ce babu lafiya, a fasa, ko da an gama biyan kuɗin mota.

A gaida mutan gida.

Naku,
ɗan'uwanku a Amurka