Keken tsere a Damagaram: ƙafa tana nan, taya ce babu

Duk wanda ya gan mu da sassafe kan hanyar Mirya cikin matsattsun kaya da hular kwano tambayarshi ɗaya ce, wai nawa ake biyanku. Ba mai biyanmu ko dala, mu ne ma ke biya, kuma biyan ba na wasa ba ne. A cikinmu akwai tela, akwai malamin lakwal, akwai mai gyaran salula, da 'yan jami'a, har da wani ɗan kabu-kabu da ke yini kan moto yana neman na cefane amma asuba na yi sai ka gan shi kan keke, kowa da sana'arshi, tseren nan son rai ne kawai ya haɗa mu.

Mutane sun ɗauka wahalar abin a ƙafa take. Ƙafa kam tana ciwo, amma ita idan ka ba ta wata uku tana sabawa, matasan garin nan ba ƙarfi suka rasa ba, je ka Kara-Kara ka ga masu ɗaga ƙarfe, ko ka dubi yaran da ke tura jarkokin ruwa daga wannan unguwa zuwa waccan lokacin da famfo ya ɗauke. Abin da ke fitar da mutum daga wannan harka kayan keke ne, sai kuma rashin sanin ranar da za a yi tsere.

Keken kanshi mafi yawa gwanjo ne daga Turai, wani ya hau ya gaji ya jefar, ya biyo kwantena ya iso hannunka, kuma ba kai ke zaɓen girmanshi ba, abin da ya samu shi ne naka, shi ya sa za ka ga dogon mutum ya duƙunƙune kan ƙaramin keke gwiwa na neman dukan haɓa, gajere kuma ya miƙe kamar zai tsinke, bayan awa biyu baya da wuya sun riƙe. Hukumar tseren keke ta duniya UCI ta ce keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, wato su can matsalarsu keke ya yi rashin nauyi da yawa, namu kuwa in ka samu mai kilo goma sai a zo kallo. Ni na fi son na ƙarfe ko na alminiyam, don na kabon ɗin nan mara nauyi, wanda ba ƙarfe ba ne, da yara ke mafarki in ya tsage shi ke nan, ba mai walda a Damagaram da zai iya mishi komai, na ƙarfe kuwa ka kai shi a ɗinke ka hau gobe.

To sai taya. Wallahi taya ita ce ciwon kanmu. Keken tsere siririyar taya yake ci, 700x25 ko 700x28, ka zagaye Kasuwar Dole kaf za ka samu tayar keken ɗaukar kaya iri-iri da ta keken yara amma wannan sai an dace, in ma ka samu wata irin roba ce da ba ta wata biyu kan kwalta mai zafi. Mai kyau a Turai ka ce yuro 40, yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da 'yan kai, ka ga ta haura jika 26 ke nan tun kafin kuɗin kawowa, kuma biyu kake so, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi jika 42 ne tun 2024. Ka lissafa da kanka. Da can Kano muke dogara da ita, kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne, ka ba direba saƙo ya kawo maka, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai abin ya tsaya cik wata da watanni, ga hanyar Kwatano da gwanjo ke biyowa ita ma ta toshe, a lokacin nan na ga kekuna masu kyau an jingine su a ɗaki saboda taya ɗaya.

Ga ƙaya. Tsidau da ƙayar bagaruwa da ta aduwa, iska ta kwaso su ta zuba gefen hanya, daidai inda babbar mota ke tura ka in ta danno oda. Akwai tub a wurina da faci ya fi roba yawa a jikinshi. Dabarar da kowa ya koya ita ce a yanka tsohon tub ko tsohuwar taya a shimfiɗa cikin sabuwa, keke ya ƙara nauyi amma ka iso gida, in kuma kwalba ta yanka gefen taya sai a kai wa baduku ya ɗinke da zare mai ƙarfi a sa faci ta ciki, dukawan garin nan ai ba a gaya musu ɗinki. Mai facin bakin hanya kuwa ba ya da amfani gare ka sosai, bawul ɗinmu siriri ne bakin injinshi ba ya kama shi, kuma iskar da tayar ke so ta kai baa shida zuwa bakwai a ma'aunin ƙarfin iska, dole ka yi yawo da famfonka a aljihun baya.

Sarƙa ita ma haka. Keke mai giya goma ko sha ɗaya sarƙarshi siririya ce, ta kasuwa ba ta shiga, kuma rairayin nan namu in ya haɗu da mai sai ya zama abin wasa wuƙa, yana cin sarƙa yana cin haƙoran giya, in ka bar sarƙa ta miƙe ba ka canza ba sai ta tafi da giyar baya gaba ɗaya, kuɗin ya ninka uku. Shi ya sa duk ranar Juma'a da yamma za ka same ni da kalanzir da tsohon buroshin haƙori. Uwargida ta daina magana, da can takan ce Malam wannan keken ko jariri ba a yi mishi wankan da kake mishi.

Fita kuma sai da lissafin iska. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, to in ka nufi Mirya, kilomita 18 ne, ko ka hau hanyar Tanut wajen matatar mai ta SORAZ, da iska kake kokowa a tafiya amma dawowa ita ke tura ka, wannan shi ne daidai. Hanyar Takeita ita ce tarko, kilomita hamsin ne yamma kan babbar hanyar da ta tafi Maraɗi, sabon shiga yana tafiya iska na bayanshi yana jin shi ne zaki, yana ta ƙara giya yana waige, sai an juyo ya gane ba ƙarfinshi ba ne, ga rana ta ɗaga ga ruwa ya ƙare, mun sha jan irinsu a baya har gari. Da damina abin ya juya, iska ta koma kudu maso yamma, sai hanyar Magarya da ta Matamai su fi daɗin dawowa. Bazara kuwa, Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40, ana sallame asuba ka fita, ƙarfe tara ta same ka a gida, in ba haka ba kai ka sani. Azumi in ya faɗo cikin zafi wasu sukan ajiye keken, wasu su yi ɗan zagaye kafin shan ruwa, masu taurin kai su fita bayan asham cikin gari inda akwai fitila.

Abin da ya fi wuyar koya wa sabon yaro shi ne tafiya a layi. Wanda ke manne da tayar na gabanshi yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, saboda na gaba shi ke fasa iska, shi ya sa ake karɓa-karɓa, ka ja na minti ɗaya ko biyu ka kauce ka koma baya. Amma namu kowa so yake a ga shi ne gaba, musamman in za a ratsa ƙauye yara na ihu, sai ya fizga ya watsa layin, kilomita biyar gaba ka same shi yana haki. Akwai wani dattijo da ya yi tsere a zamaninshi da ke biyo mu kan moto wani lokaci, shi ke musu faɗa, kai yaro koma layi, tsere ba a bakin ƙauye ake cin shi ba, su ce to Baba, gobe su sake.

Maganar abinci ba ta da yawa. Waɗancan 'yan fakitin zaƙi da Turawa ke tsotsa ba mu da su kuma ba mu rasa komai ba, dabino a aljihu, ruwa da ɗan gishiri da sukari a gora, a Mirya a sha fura da nono, a dawo a ci ƙosai da kunu. Abin da dai ba a wasa da shi shi ne fita doguwar tafiya ciki wayam, bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu abin da jiki ya tara ya ƙare, ido ya yi duhu ƙafa ta ƙi juyawa. Kuma mai tsere yana ci, ci na gaske, a gidan da ake auna tuwo wannan ma magana ce.

Hanya ba tamu ba ce, wannan mun sani. Tirela da tankar mai da bas ɗin Yamai, ga amalanke ga awaki ga ɗan adaidaita da zai juya ba sigina. Bikin Zinder Sabuwa na 18 ga Disamban 2018 ya bar mana kwalta mai kyau a cikin gari, a gode, amma rairayi na rufe gefenta kuma siririyar taya in ta shiga rairayi a kwana sai ƙasa. Wanda ya faɗi ya karya ƙashin kafaɗa shi da aljihunshi ne da 'yan uwanshi, mu dai mu yi karo-karo mu kai mishi, tela kuma in hannu na rataye wata biyu ka san abin da ake ciki a gidan.

Duk wannan da sauƙi in da mutum ya san ranar da yake shiri dominta. Nan ne abin ke mini ciwo. Dubi kokowa, tun 1975 ake gasar takobi, kowace jiha cikin takwas ta kawo 'yan kokowa goma, an san lokacinta an san garin da za a yi, yaron da ke ƙauye ya san in ya kada na unguwa ya kada na gunduma akwai inda za shi, ya ga Issaka Issaka na Dosso ya ga abin da takobi ke kawowa. Ɗan keke fa? Sai ana saura kwana huɗu ko biyar ga wani biki a turo saƙo a WhatsApp wai akwai tsere, ku fito, zagaye kaza cikin gari. Shiri na gaskiya wata biyu zuwa uku yake so, ka tara doguwar tafiya, ka zo ka yi na gudu, satin ƙarshe ka huta, ba a yin shi a kwana biyar. Wani sa'in kuma ku yi ta shiri a ce an ɗage babu kuɗi. In a Yamai ne, kusan kilomita 900, yini guda cur cikin bas, kuɗin mota naka, na keke daban, a cusa shi ƙarƙashin buhunan kaya ka isa ka tarar wayoyin wili biyu sun karye ya karkace, ka kwana gidan ɗan uwa ko aboki ka tashi ka yi tsere da waɗanda suka kwana gidajensu. Kyautar da za a ba na ɗaya sau da yawa ba ta mayar da kuɗin motar.

Kuma ba wai abin ba ya yiwuwa a ƙasa irin tamu ba. Burkina ga ta nan, zafinsu namu ne talaucinsu namu ne, tun 1987 suke Tour du Faso, yaro a Wagadugu ya tashi ya ga ana rufe hanya saboda keke. Eritiriya ta fitar da Biniam Girmay, a 2022 ya ci tseren Gent-Wevelgem a Beljiyam, a 2024 ya ci zango uku a Tour de France ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki, ranar nan a fadarmu shayi har ya ƙone kan gawayi muna kan salula ɗaya mu wajen goma. Ruwanda kuma ta karɓi gasar duniya a Kigali a Satumban 2025, karo na farko a Afirka. Waɗannan duk ba daga keken kabon suka fara ba, tsere ne ake yi a kai a kai har yara suka san akwai shi.

Matsin gida ma yana nan. Saurayi ya kai shekara ashirin da biyar za a fara ce mishi keke kuma, sa'o'inka na kan moto, kuɗin da kake zubawa a taya da ka tara ai da an kai sadaki. Mafi yawan waɗanda muka fara da su aure ne ya ɗauke su, ban kuma ga laifinsu ba. 'Yan mata kuwa ko fara maganar ba a yi, yarinya za ta hau keke zuwa lakwal ba mai cewa komai, amma ta sa kayan tsere ta bi hanyar Tanut, sai dai in mahaifinta mai tsayayyen ra'ayi ne.

Mu dai yanzu mun daina jira. Mun yanke Lahadin farko na kowane wata za mu yi namu, daga bakin gari zuwa Mirya da dawowa, kowa ya ajiye dala ɗari, wanda ya ci ya ɗauki tub sabo, sauran kuɗin a ajiye a asusun faci da na wanda ya faɗi, masu moto biyu su raka mu ɗaya gaba ɗaya baya da ruwa. Mai son shiga ya zo da hular kwano, ba hula ba tsere, ko ɗan wa ne. Sannan dan Allah in akwai mai zuwa Kano cikin satin nan ya yi mini magana, taya 700x25 guda biyu nake nema da sarƙa ta giya goma, ya duba kwalin da kyau kada a ba shi ta giya takwas.