Yadda Dutsen Guga Ya Kashe Mini Robar Kayana

Lokacin da cikina na biyu ya kai wata biyar, ɗinkunan atamfata duk suka daina shiga, sai na je Kantin Kwari na sayo dogayen riguna uku masu roba da wanduna biyu na sakawa a ciki. Na zaɓa da kyau, domin kowanne sai da na ja shi da hannu biyu na sake, na tabbatar ya koma yadda yake nan take, kuma na duba 'yar takardar da ke wuyan rigunan, na ga auduga ce kashi 95 cikin ɗari, sauran kashi 5 kuma zaren da ake rubutawa spandex.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ranar da na haɗa su da kayan gida na bai wa mai wanki ba tare da na yi masa bayani ba. Ya jiƙa su a ruwan zafi, ya murɗe su iya ƙarfinsa, ya shanya su a tsakiyar ranar watan Afrilu, sannan da yake babu wuta, ya bi su da dutsen guga na gawayi kamar yadda yake yi wa shadda. A ninke sun yi kyau ƙwarai. Sai da na saka na ga gwiwar wandon ta zama buhu, wuyan rigunan ya saki, wasu siraran zaruruwa kamar gashi kuma sun fito a jikin yadin. Ban ga laifinsa sosai ba, aikin da ya saba ya yi.

Daga baya ne na fahimci cewa wannan zare dangin filastik ne. Wani masanin sinadarai mai suna Joseph Shivers ne ya samar da shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1958, aka fito da shi kasuwa da sunan Lycra. Yana iya miƙewa har ninki biyar na tsawonsa ya dawo, amma zafi mai yawa yana tsinka shi, haka ma sinadarin kulorin da ke cikin maganin farar da kaya. Na kai wa telata rigunan, ya juya su ya ce: "Hajiya, ragewa zan iya yi, amma robar da ta mutu ba ta dawowa."

Wando ɗaya ne ya tsira, domin ranar yana jikina. Shi kam da kaina nake wanke shi da ruwan sanyi, in matse a hankali ba tare da murɗawa ba, in shimfiɗa shi a inuwa maimakon ratayawa, saboda nauyin ruwa ma yana jan sa. Guga kuwa bai taɓa hawa kansa ba, kuma yaron da na haifa har ya fara tafiya, wandon yana nan da robarsa.