Amibar da ke ba bakteriya masauki

A shekarata ta ƙarshe a sashen nazarin ƙananan halittu aka ba ni aikin duba ruwan da ke cikin 'yan kwanonin ajiye lens, wato tabaran nan da ake mannawa a ƙwayar ido. Malamarmu ta sa na shafa bakteriyar E. coli a faranti, na ɗiga ruwan a tsakiya, na rufe. Bayan 'yan kwanaki da na leƙa maikiroskop, sai ga siraran hanyoyi sun ratsa bakteriyar kamar aikin gara a jikin bango, a ƙarshen kowace hanya kuma ga amiba, wata ƙaramar halitta mai ƙwayar halitta ɗaya da ke cin bakteriya, tana kiwo. Sunanta Acanthamoeba. Tana cikin ƙasa, tana cikin rijiya da tanki da ruwan famfo, ba ta bukatar jikin kowa kafin ta rayu.

A da na ɗauka duk abin da amiba ta haɗiye ya mutu. Ashe ba haka ba ne. Tun 1980 Timothy Rowbotham, a Leeds ta Ingila, ya nuna cewa bakteriyar Legionella, wadda ta haddasa annobar ciwon huhu a Philadelphia a 1976, tana hayayyafa a cikin amiba. Bakteriyar Pseudomonas aeruginosa ma, mai saurin cinye baƙin ido, tana iya tsira a ciki. Idan amibar ta ji wuya sai ta dunƙule ta yi ɓawo mai rufi biyu, wanda kulorin ɗin ruwan famfo ba ya iya masa komai, baƙuwar da ke cikinta kuma ta samu mafaka. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali: mutum ya zuba maganin wanke lens, ya ga ruwa garau, ya saki jiki, alhali abin da yake son kashewa yana cikin ɗaki a kulle.

Ita kanta amibar in ta samu ƙwarzane a baƙin ido tana shiga. Zafinsa ya fi ƙarfin abin da ake gani a ido, maganin ɗigawa kuma a farko kowace awa ne, jinya ta ɗauki watanni, wani ma sai an yi masa dashe. Mafi yawan masu kamuwa masu sa lens ne.

Daga nan na daina yi wa ruwa kallon abin tsabtace komai. Lens ba ya haɗuwa da ruwa, ko ruwan leda ne. A cire shi kafin wanka, a busar da hannu kafin a taɓa shi, a zubar da tsohon magani kar a yi masa ƙari, a kife kwanon ya bushe, a sauya shi duk wata 3.

A bikin ƙanwata na tarar da mai kwalliya ta buɗe lens mai launin toka, tana shirin ɗauraye shi a kofin ruwa. Na riƙe hannunta na ce, "Hajiya, don Allah dakata," na aika yaro kyamis.