Yadda na ɓalle kusurwar akwatin sifikar Baba

Wata uku ke nan, amma har yau in na shiga falo, kan kusurwar nan idona yake fara sauka. Na juya ta ta fuskanci bango, baƙo ba ya ganinta, ni kuwa na san tana nan.

Sifikun guda biyu ne, manyan akwatuna masu launin ƙasa da marigayi mahaifinmu ya saya zamanin yana aiki a masaƙa a Kakuri. Da su muka tashi jin Rediyon Kaduna a gidanmu na Tudun Wada. Bayan rasuwarsa suka shekara da shekaru a ɗakin ajiya, har Hajiya ta ce in ɗauke su ko ta ba 'yan gwangwan. Na kawo su gida, na jona, ɗaya tana magana lafiya lau, ɗayar kuma siririyar muryar ta ɗauke, sai gunji kawai. Na san ko dai waya ta saki a ciki, ko kafasita, ɗan kayan lantarkin da ke tura siririn sauti zuwa sifikar sama, ta bushe, ko ƙaramar sifikar sama ta mutu. Ko ma mene ne, sai an buɗe murfin baya.

Sukuru goma sha biyu na ƙirga, na kwance su duka, biyu da tsatsa ta ci ne kawai suka ɗan ba ni wahala. Na ja murfi, ko motsi. Na bubbuga da tafin hannu, shiru. A nan ya kamata in ajiye komai in je in sha ruwa. Maimakon haka na ɗauko babbar sukurudireba, na cusa bakinta a tsagar kusurwar ƙasa ta hagu, na danna kamar mai buɗe gwangwanin fenti.

Ƙarar da na ji ba ta buɗewar murfi ba ce. Guntu ne kusan faɗin tafin hannuna ya ɓalle daga jikin akwatin kansa, tare da fatar katakon da aka lulluɓe shi da ita. Murfin kuwa yana nan daram. Sai a lokacin na ga abin da na shekara arba'in ina kallo ban sani ba: akwatin ba katakon gaske ba ne, garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, aka manna masa siririn katako mai kyau a waje. Irin wannan in ya sha laima ya kumbura, marmashewa yake kamar ƙuli-ƙuli. Ni kuma a tsakiyar watan Agusta na tasar masa, lokacin da ruwan Kaduna ya jiƙa komai, ƙofar ɗakina ma sai da kafaɗa take rufuwa.

Matata ta leƙo, ta dubi guntun a hannuna, ta ce, "Maigida, na Baba ne fa." Ba ta ƙara komai ba, kuma da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na sa akwatin a Keke Napep na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen Panteka. Ya duba kusurwar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ta gaba ake shiga." Ya cire ragar fuskar, ya kwance sukuru huɗun da ke riƙe da babbar sifikar mai inci 12, ya zaro ta a hankali, ya cire wayoyinta biyu bayan ya sa alama a kan ja. Sai ga ƙaton rami. Ya zura hannu ya ture audugar gilashin da aka cusa a ciki, ya shafa bayan murfin da yatsa, ya ce akwai tsinin sukuru ɗaya da bai fita ba. Na rantse sha biyu ne. Ya kankare takardar da kamfani ya manna a tsakiyar murfin daga sama, sai ga na sha uku a ƙarƙashinta, yana riƙe da sandar da ta gitta cikin akwatin. Wato ko da ƙaton ƙarfe na zo, murfin nan ba zai fita ba sai dai akwatin ya tarwatse.

Ko da ya cire shi ma murfin bai saki ba. Tsakanin murfi da akwati akwai siririn soso da aka zagaya don kada iska ta fita, shekaru sun narkar da shi ya zama kamar kwalta. Ya bi tsagar da siririyar wuƙa mai faɗi irin ta masu fenti, gefe huɗu, ba tare da ya lanƙwasa ta ko sau ɗaya ba. Sannan ya ɗora guntun katako a jikin murfin daga ciki, kusa da gefe, yana ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, nan kaɗan, can kaɗan. Zagaye na uku murfin ya saki da kansa. Ya tare shi da gwiwa bai bari ya faɗi ba, domin wayoyin da suka taho daga mahaɗin baya gajeru ne, da ya fizgo da sun tsinke allon da ke raba sauti.

Ciwon da ya sa na buɗe ba wani abu ba ne. Kafasita ɗaya ce, ya cire ta ya liƙa sabuwa da dalma cikin minti biyar. Kusurwar ce ta ci kwana huɗu a hannun kafinta, ta ci kuɗin da ya ninka na gyaran sau da yawa. Kuma ba maganar kyau kaɗai ba ce. Irin wannan akwatin rufaffe ne, iskar da ke kulle a ciki ita ke tokare takardar babbar sifikar, wato faifan da ke motsi yana fid da sauti, daga baya. In ka tura takardar da yatsu a hankali, sannu-sannu take dawowa. In akwai ɓula, nan take za ta dawo, ƙasan sautin ya yi laushi, wani lokaci har ka ji fito daga wurin da iska ke tsiyaya. Kafinta ya cike wurin da gam da garin katako, muka sa sabon soso, amma in na ƙure murya na kara bayan hannuna a kusurwar, ina jin ɗan numfashi. Ƙanena ya ce, "Yaya, zuciyarka ce kawai." Ba zuciyata ba ce.

Wanda duk ke da irin wannan akwatin, ya shafa kowace takarda da kowane tambari da yatsa kafin ya yarda da lissafin sukurunsa. Ya sa safar hannu, audugar gilashin nan ta sa ni susa kwana biyu. In ba sauri yake ba, ya jira hunturu ya busar da katakon. Sukurudireba kuma kada ta kusanci tsaga.

Ta biyun na buɗe ta ni kaɗai a watan Nuwamba, don in canza mata kafasita su yi daidai da 'yar'uwarta. Ta gaba na shiga, na sha ukun yana nan ƙarƙashin takarda kamar na farko, kwata ɗin awa ban yi ba murfi ya sauka a kan gwiwata ko ƙwarzane babu. Ina zaune da shi a hannu, ɗayar nake harara.

Guntun da ya ɓalle yana cikin durowata. Hajiya ba ta sani ba tukuna.