Gyaɗar da ba ta shiga injina

Sana'ata matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma a Dawanau nake sayen yawancin kayana. Rabin aikinmu tsinta ne. Mata suna zaune a kan tabarma, faifai a cinya, suna fitar da ƙwayar da ta motse, da wadda gara ta huda, da wadda in ka ɓare ta za ka ga ɗan kore-kore kamar ƙura a tsakiyarta. Wannan koren shi ne funfunar da masana ke kira Aspergillus flavus, mai haifar da gubar afulatoksin.

Funfunar ba a tashi ɗaya take yin gubar ba. A jikinta akwai ƙwayoyin gado sama da 20 jere wuri guda, ɗaya daga ciki, aflR, ita ce ke tayar da sauran. Kowace tana samar da nata sinadarin aiki, wannan ya sarrafa ya miƙa wa na gaba. Ana farawa da wani abu mai launin ja-ja, ana ta juya shi mataki-mataki har ya zama afulatoksin B1, wadda ke cin hanta, ta kai mutum ga ciwon daji, musamman mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Zafi da fari a ƙarshen damina, sai danshi a rumbu, su ne ke zuga aikin. Shi ya sa nake tambayar dillali inda aka shanya gyaɗa, a ƙasa ko a kan tamfol.

Abin da ya fi damuna: suya ba ta kashe gubar, kuma bayan matsa yawancinta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yara ke ci. A 1960 tunkuzar gyaɗa daga Barazil ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila, daga nan aka gano gubar. Don haka tsintar da muka fitar ba na sayarwa, ko an taya, ba na kuma ba kaji.

Manoman da ke watsa Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ina ƙara musu kuɗi a kan buhu. Dawa ce aka lulluɓe da irin funfunar da ƙwayoyin gadonta na yin guba suka lalace, sai ta riga mai gubar mamaye gona. Ana zuba kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin fure.